Yadda Za Ku Rage wa Yaro Fargabar Fara Makaranta a Legas

A Legas sabuwar shekarar karatu tana kamawa ne a watan Satumba, kuma makon farko mako ne na kuka a ƙofar kusan kowace makarantar nazare da firamare, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Obalende. Yaro ya ƙanƙame zanin uwarsa, malama na jan hannunsa, uwa na cewa ya yi shiru kada ya ba ta kunya a gaban mutane. Iyaye da yawa suna kiran abin shagwaɓa ko ƙiwa. Gaskiyar magana, yaro ɗan shekara uku zuwa shida tambayoyi biyu ne ke cin ransa, ko da bai iya furta su ba: me za a yi mini a wurin nan, kuma za a dawo a ɗauke ni? Duk shirin da za ku yi, amsar waɗannan biyun ce. Abin da yaro ya riga ya gani, ya taɓa, ya gwada a gida, ba ya firgita shi kamar wanda ya faɗo masa kwatsam. Alkawarin da aka yi masa aka cika kwana biyar a jere, ya daina shakkarsa.

Ƙulafucin uwa ba ciwo ba ne. Yakan fara tun jariri na wajen wata 8, ya yi ƙarfi bayan ya shekara, ya lafa wajen shekara 3, sannan ya sake tasowa duk lokacin da aka sami babban sauyi: sabon gida, sabon ƙane, ko sabuwar makaranta. Sai dai yaron da ya tashi a gidan Hausawa a Legas yana da ƙarin kaya a kansa. A gida Hausa yake ji, a aji Turanci za a yi masa, a filin wasa kuma Yarbanci da Turancin buroka ne za su cika masa kunne. Wannan ne ya sa shirinsa ya fi na sauran yara buƙatar lokaci.

Mako biyu kafin a buɗe

In kun tafi Arewa dogon hutu, ku dawo da aƙalla kwana goma a hannu. Yaron da ya kwana a mota daga Kano ko Sakkwato, ya sauka Asabar, aka kai shi makaranta Litinin, rabuwa biyu aka haɗa masa: bai gama kewar kakarsa ba an ce ya rabu da uwarsa. Haka ma yaron da aka kawo riƙo daga gida, a bar shi ya saba da gidan da unguwar tukuna.

Sai barci. Likitocin yara suna ba da shawarar ɗan shekara 3 zuwa 5 ya sami barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da na rana; ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Ku yi lissafi da baya. In dole a tashe shi ƙarfe 6 don a riga cunkoson hanya, to ƙarfe 8 na dare ya kamata ya kasance ya riga ya yi barci, wato ana idar da sallar isha'i yana kwance. Yaron da ya saba kaiwa 11 yana kallon waya ba zai koma 8 a dare ɗaya ba. A riƙa jawo lokacin kwanciya da minti 15 zuwa 20 kowane dare, a jawo lokacin tashi daidai da haka, a kashe talabijin da waya awa guda kafin kwanciya. A gidan haya mai ɗaki ɗaya wannan yana nufin manya ma su rage fitila da hira. Wanka da ruwa mai ɗan sanyi kafin kwanciya yana taimakawa a daren da babu wuta, kuma a sauke gidan sauro da wuri. Yaron da barcinsa bai cika ba ƙaramin abu ke sa shi kuka, kuma kukan ya fi wuyar rarrashi. Da yawa daga rigimar safiya a nan take samo asali.

Ku kai shi makarantar sau biyu kafin ranar farko. Ana yin rajista da biyan kuɗi a makon ƙarshe kafin buɗewa, don haka ƙofa a buɗe take. Ku bi hanyar da za a riƙa bi da shi, a irin abin hawan da zai riƙa hawa, keke ko danfo (ƙaramar bas ɗin haya) ko ƙafa. Ya gaisa da maigadi. Ya ga ajinsa, ya zauna a kan kujera, ya ga inda ake ajiye jaka, ya shiga banɗaki ya gani da idonsa. In malamar ajin tana nan, a gabatar da su, kuma da izininta a ɗauki hotonta a waya don a riƙa nuna masa a gida ana faɗin sunanta. Ku nuna masa daidai wurin da za ku tsaya in kun zo ɗaukarsa, gindin wata bishiya ko gefen ƙofa, ku ce, "Nan za ka same ni."

A wannan ziyarar ku yi wa shugabar makaranta tambayoyin da ke da muhimmanci: ƙarfe nawa ake asambuli, ƙarfe nawa ake tara, ƙarfe nawa ake tashi, yara nawa ne a ajin, wa ke raka su banɗaki, me ake yi wa yaron da ya yi laifi. Gwamnatin Jihar Legas ta hana duka a makarantu, amma in kun ga bulala a kan teburin malamar nazare, kun sami amsarku. Game da hijabi, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata Musulmi suna da 'yancin sa shi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Makarantun kuɗi kowace da tsarinta, don haka a tambaya kafin a biya, kada yarinya ta je ranar farko a ce ta cire a gaban aji.

Wani abin da ake yawan yi a Legas shi ne tsallakar da yaro aji don ya gama da wuri. Tsarin ilimi na ƙasa ya sa shekara 6 ce shekarar shiga aji ɗaya na firamare. Ɗan shekara huɗu da rabi da aka cusa a ajin zai iya haddace abin da ake koyarwa, amma zaman awa biyar wuri ɗaya da riƙe fensir na dogon lokaci sun fi ƙarfinsa, kuma shi ne zai zama ƙarami a cikin manya.

Suna da harshe

Akwai matsalar da ta keɓanta da gidajenmu, wadda malaman Legas ba su san da ita ba. Yaro ya ci sunan kakansa, saboda alkunya tun ranar suna ake kiransa Abba, ko Baffa, ko Halifa. Yarinya kuma Ummi, Nana ko Walida. A takardar haihuwa Abubakar ne ko A'ishatu. Ranar farko malama ta buɗe rajista ta kira sunan takarda, da lafazin da bai taɓa ji ba, yaro ya yi shiru don bai san da shi ake ba. Ta sake kira da ƙarfi, aji ya juyo yana kallonsa. Daga nan an fara da kuskure: ita ta ɗauka taurin kai ne, shi kuma ya ga ana yi masa tsawa ba dalili. Maganin mai sauƙi ne. In uwa ba za ta iya faɗin sunan ba, yayansa ko wata maƙwabciya ta riƙa kiransa da cikakken sunan makaranta a cikin wasa, yana amsawa yana ɗaga hannu. Sannan a rubuta wa malama sunan gida a gefen na rajista, a roƙe ta ta yi amfani da shi a makon farko.

Ba a buƙatar yaro ya iya Turanci kafin ya shiga makaranta, kuma kada ku daina yi masa Hausa a gida don wai ya kama Turanci da sauri. Yaron da harshen gidansa ya zauna daram ya fi sauƙin ɗora wani a kai. Abin da yake buƙata shi ne jimloli kaɗan na neman agaji, waɗanda za su fito daga bakinsa ba tare da tunani ba. Huɗu sun isa a fara, na neman zuwa fitsari, zuwa bayan gida, ruwan sha, da kai ƙarar wanda ya doke shi: "Aunty, I want to wee-wee", "Aunty, I want to poo-poo", "I want water", da "He beat me". A makarantun Legas Anti da Onkul ake kiran malamai, ku koya masa haka. Sai umarnin da zai riƙa ji kullum, irin su "sit down", "stand up", "line up", "keep quiet". Waɗannan ganewa kawai yake buƙata. A yi su da wasa, minti biyar bayan la'asar, ana faɗa ana aikatawa. Zai kuma ji Yarbanci, domin tun 2018 dokar jihar ta wajabta koyar da shi a makarantu, kuma masu rainon aji sukan yi wa yara magana da shi. Ku gaya masa tun a gida cewa zai ji maganar da bai gane ba, kuma hakan ba laifi ba ne: ya dubi abin da sauran yara suke yi ya bi.

Ku sa ran zai yi shiru a aji na wasu makonni. Yaron da ke koyon sabon harshe yakan daɗe yana saurare kafin ya buɗe baki, alhali a gida surutu kamar ya ari baki. Ku faɗa wa malama wannan da kanku, don kada ta sa shi gaban allo ta tilasta masa magana. In akwai wani yaro Bahaushe a ajin, a zaunar da su kusa a makonnin farko. In kuma kun san wani yaron unguwa da zai shiga aji ɗaya da shi, ko wane yare ne, ku haɗa su wasa sau biyu ko uku kafin a buɗe. Fuska ɗaya da ya sani a cikin talatin tana rage kuka fiye da kowane irin alewa.

Wata rana zai dawo ya ce ana ce masa "aboki" ana dariya. Kada ku ce ya rama da duka, kada kuma ku ce ba komai. Ku koya masa ya faɗi sunansa da ƙarfi sau ɗaya ya tafi wurin malama, ku kuma ku yi mata magana in abin ya maimaitu.

Banɗaki da kayan jiki

Tsoron yin fitsari a wando a gaban yara yana daga cikin manyan abubuwan da yara ke ɓoyewa. A gida ya saba da fo ko masai na tsuguno da buta, Umma na tsaye kusa. A makaranta mai yiwuwa ya tarar da na zama, mai tsawo, mai ƙarar ruwa, babu buta sai takarda. Yara da yawa sai su matse tun safe har a tashi, su ƙi shan ruwa, daga nan sai ciwon mara da taurin bayan gida. Ku gwada masa irin na makarantar kafin lokaci, ku tambaya ko za a bar shi da 'yar ƙaramar buta mai sunansa. Ya koyi sauke wando, tsarki, mayar da wando da wanke hannu da sabulu shi kaɗai. A ce wa tela ya sa roba a ƙugun wandon yunifom maimakon maɓalli da bel, takalmi kuma a sayi mai mannewa, ba mai igiya ba. A sa masa yunifom da takalmin ya yini da su a gida kwana ɗaya ko biyu, don in akwai inda ke matsi ko cizo a gane tun da wuri.

A cikin jaka a sa wando da kamfai na canji a leda, a nuna masa, a ce, "In ya zubo, ba za a yi maka faɗa ba, ka gaya wa Anti ta ba ka wannan." Kular abinci da gorar ruwa ya gwada buɗewa da rufewa da hannunsa, akwai yaran da ke dawowa da abinci ba su taɓa ba saboda murfi ya gagare su kuma sun ji kunyar tambaya. Abincin makon farko ya zama wanda ya sani yake kuma so, kaɗan ba mai yawa ba, wanda zai cinye cikin minti goma sha biyar. A rubuta sunansa a jikin komai, a ƙara wata alama da zai gane tunda bai iya karatu ba.

In yana da sikila, asma, farfaɗiya ko wani abincin da jikinsa ba ya karɓa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A rubuta wa malama a takarda: mene ne ciwon, wace alama za ta gani, me za ta yi, wa za ta kira. Mai sikila a bar shi ya sha ruwa ya je banɗaki duk lokacin da ya nema, kuma kada ya zauna da jiƙaƙƙen kaya in ruwan sama ya taɓa shi.

Abin da ake faɗa, da wanda ba a faɗa

"Bari ka shiga makaranta, malam zai gyara maka zama." Wannan jimlar, da ake faɗa wa yaro mai ƙiriniya wata da watanni kafin ya fara, ita ce ke gina rabin tsoron. Ku daina, ku hana yayyensa da masu aikin gida ma, domin su ne gwanayen ba da labarin bulala. Kishiyar wannan ma kuskure ce: a ce masa makaranta wasa ce da biskit kawai. In ya je ya tarar da layi da zama shiru, ya gane an ruɗe shi. Ku faɗa masa tsarin ranar yadda yake, a jere: za a yi layi a yi waƙa, a shiga aji, a yi rubutu, a ci abinci, a yi wasa, a kaɗa ƙararrawa, sai Umma ta zo. Ku maimaita kowane dare har ya riƙa ƙarasa muku.

In ya ce yana jin tsoro, kada a ce "namiji ba ya tsoro" ko "ke ba ki da kunya, ga ƙanwarki ba ta kuka". Tsoron ba zai tafi ba, faɗarsa kawai zai daina. A ce, "Na ji, wurin sabo ne. Me ya fi ba ka tsoro?" Sai a yi shiru a jira. Amsar takan zama ƙaramin abu mai magani: karen da ke kan hanya, ƙarar ƙararrawa, ko kada a manta da shi. In bai iya faɗa ba, ku yi wasan makaranta, shi ne malami ku ne ɗalibai. Yadda zai yi da ku, ko tsawa ko duka ko kulle ƙofa, shi ne hoton da ke kansa.

Ku koya masa abu ɗaya da zai yi da jikinsa in gabansa na faɗuwa: ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya fitar ta baki kamar yana hura koko mai zafi, sau uku. A koya lokacin da yake cikin natsuwa, ba a tsakiyar kuka ba. Addu'ar fita daga gida da aka saba yi tare a bakin ƙofa kullum ita ma tana ba shi abin riƙewa. Wani ƙaramin hankicin uwa mai ƙamshin turarenta a aljihunsa yana aiki sosai ga 'yan shekara uku da huɗu.

A bakin ƙofar makaranta

A haɗa jaka, a goge yunifom, a ajiye takalmi tun dare. Da safe ya karya, ko da shayi da burodi ne ko kunu. Ku isa minti 15 kafin asambuli, lokacin da fili bai cika ba kuma malama na da sararin karɓarsa hannu da hannu. Yaron da ya zo a makare ya tarar da ɗaruruwan yara a layi ana buga ganga, maigadi na tsare 'yan makara, ya fi kowa firgita.

Sallamar kanta kada ta wuce minti biyu. Ke uwa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki kama hannuwansa biyu, ki ce, "Abba, zan tafi gida yanzu. In kun ci abinci kun yi wasa aka kaɗa ƙararrawa, ina gindin bishiyar nan. Allah ya yi maka albarka." Ki sa hannunsa a cikin na malama, ki juya ki tafi. Zai yi kuka, mai yiwuwa har da birgima. Kada ki dawo. Kada kuma ki laɓe a taga, zai hango ki ko ya ji muryarki. Duk dawowar da kika yi kina koya masa cewa in ya ƙara ƙarfin kuka za a fasa, gobe kuma daga nan zai fara. Yawancin yara suna yin shiru cikin 'yan mintoci bayan uwa ta ɓace, da zarar an ba su abin yi. In hankalinki bai kwanta ba, ki roƙi malama ta turo miki saƙo ta WhatsApp bayan rabin awa.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne sulalewa. A ce masa "bari in sayo maka alewa" ko a jira ya shagala a zame. Ranar an huta da kuka a ƙofa, amma yaron ya koyi cewa uwa na iya ɓacewa duk lokacin da ya ɗauke ido, sai ya koma bin ta har banɗaki a gida, ya ƙi barci sai yana riƙe da zaninta. A yi sallama a fili ko da za a yi kuka.

Yaro yana karanta fuskar babba. In uwa ce idonta ke cikowa, gara uba ya kai shi, ko goggo, ko wata yayarsa babba. Yara da yawa da ke tayar da hankali in uwa ta kai su, lafiya lau suke shiga in Baba ne. Uban da ke sammakon kasuwa, ko Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, in ya iya sadaukar da safiya uku na makon farko, ya yi babban aiki.

Ɗaukowa

A nan ake cika alkawari ko a karya shi, kuma a nan Legas take ba da matsala. Satumba da Oktoba ruwa na sauka, hanya na cikewa, tafiyar minti ashirin ta koma awa guda. Acaba da ake tsallake cunkoso da ita an hana ta tun 2022 a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja, Surulere, Mushin da Kosofe. Don haka a mako biyun farko ku fito da rarar minti 30, ku kasance cikin waɗanda ke tsaye kafin a buɗe ƙofa. Yaron da ya ga ana ɗaukar kowa ɗaya bayan ɗaya har aji ya zama saura shi da mai shara, abin da yake tsoro ne ya tabbata, kuma gyaran wannan yakan ɗauki kwanaki. In makara ta zama dole, a kira malama ta gaya masa, ko a ba shi waya ya ji murya.

Mai ɗaukowa ya zama mutum ɗaya ko biyu da yaron ya sani, makaranta ma ta san su da suna da fuska. In za a canza, a gaya masa tun safe. Kada a bar wa mai keken da aka yi haya aikin a makon farko. A ɗinka ko a rubuta lambar wayar iyaye a cikin jakarsa, ɗan shekara biyar kuma a fara koya masa ita da baki.

In ya dawo, a ba shi ruwa da abinci, a bar shi ya huta kafin tambaya. "Me kuka yi yau?" amsarta "ba komai". A yi ƙananan tambayoyi: wa ya zauna kusa da kai, wace waƙa kuka yi, ka je banɗaki? Kada a fara da "wa ya dake ka?", don yana koya masa neman abin tsoro. Ku yi tsammanin rigima da yamma, fitsarin kwance ga wanda ya daina, tsotsar yatsa, ko son a goya shi. Ya yini yana daurewa ne, a gida yake saukewa. Ba a duka a kan wannan. Yakan wuce cikin mako biyu zuwa uku.

Islamiyya kuma, in bai riga ya fara ba, kada a haɗa masa farawa biyu a mako ɗaya. A bar tazarar mako biyu ko uku. In ya riga ya saba da ita, ya ci gaba, kuma a yi amfani da ita wajen kwantar masa da hankali: can ma ana kai shi a dawo da shi.

Ciwon cikin safe

Ranar Litinin ta biyu ko ta uku sai ya ce cikinsa na ciwo, ko kansa. Ba ƙarya yake yi ba, fargaba tana murɗa ciki da gaske. Abin yi shi ne a bambance. A auna zafin jiki. In ya kai digiri 38, ko akwai amai, gudawa, ƙuraje ko kasala sosai, a kai shi asibiti a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a ba da magani. In babu ko ɗaya, ya ci abinci, ciwon kuma yakan ɓace da zarar lokacin makaranta ya wuce, ba ya zuwa Asabar da Lahadi, to fargaba ce. A ce, "Na san yana ciwo, zai lafa in ka shiga aji, na gaya wa Anti." A kai shi ko da an makara. Kowace ranar da aka bar shi a gida yana kallon katun tana ƙara wa gobe wuya. In dole ya zauna, ranar ta zama ta kwanciya, babu waya babu wasan waje. Kada a ba shi maganin mura mai sa barci don ya natsu. Bayan hutun tsakiyar zango ko wata jinya, kukan na iya dawowa na kwana biyu ko uku. A koma kan tsarin sallamar nan ba tare da canji ba.

In abin ya ƙi wucewa

Yawancin yara suna sabawa cikin mako biyu zuwa huɗu. A nemi likita in an wuce mako huɗu yaro na kuka yawancin yini ba a ƙofa kaɗai ba, yana amai ko shiɗewa kowace safiya, yana mafarkin tsoro a kai a kai, ya rage cin abinci, ko yana yawan faɗin cewa wani abu zai sami uwarsa in ba ya nan. Haka ma yaron da ya wuce watan farko, yana jin harshen da ake yi, yana magana a gida, amma ko da Hausa ba ya iya ce wa kowa uffan a makaranta. A duba ji da ganinsa ma, domin yaron da ba ya jin malama sosai ko ba ya ganin allo yakan tsani aji ba tare da ya san dalili ba. A fara da cibiyar lafiya ta unguwa ko likitan yara. In da buƙata za a tura ku gaba, kamar asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, na LASUTH da ke Ikeja, ko sashen yara da matasa na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na Yaba. Ku tafi da rubutaccen bayani na mako guda: ƙarfe nawa ya kwanta, me ya ci, yaushe kukan ya fara, yaushe ya tsaya, da abin da malama ta lura da shi.

Akwai kuma irin tsoron da ba a jira masa mako huɗu. Yaron da ya riga ya saba yana tafiya da murna, sai rana ɗaya ya birkice. Wanda ke tsoron mutum ɗaya takamaimai, malami ko direba ko wani babban ɗalibi. Wanda ya dawo da shatar bulala, rauni, ko yana kukan ciwo a al'aurarsa. A ranar za a zauna da shi a keɓe, a tambaye shi cikin sanyin murya ba tare da an sa masa magana a baki ba, a gaya masa bai yi laifi ba. Kada a mayar da shi hannun wanda yake tsoro kafin a gano abin da ya faru. In akwai rauni a kai shi asibiti a rubuta, a sanar da shugabar makaranta, in kuma abin ya shafi cin zarafi a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar jihar mai kula da cin zarafi a gida da lalata, ko a kira lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767, kyauta ne.